Ɗakin Iska Yana Ingila

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama a titi, fartanya ta sari Kambai a ƙafa yana noman citta. Ya danna ƙasa a ciwon, yadda manoma ke yi. Kwana huɗu ƙafa ta yi baƙi, tana wari.

A asibiti a Kafanchan, likita ya zaunar da matarsa Afiniki.

"Mama, akwai ɗakin ƙarfe da ake dura wa iskar oksijin. In an sa mutum ciki, ruɓar takan tsaya."

"Ina ɗakin, likita?"

"Yana Ingila. Babu irinsa a ƙasar nan."

Washegari aka yanke ƙafar. Afiniki ta yafe wa fartanya, ta yafe wa ƙasa. Bakin da ya gaya mata akwai magani ne ta kasa yafe wa.