Dutsen Taimamar Malam Abdulhamid

Hibatullahi ta diro daga kan babur tun bai gama tsayawa ba, ta nufi ɗakin maza na asibitin da sassarfa. Da safen nan ta iso Garwa daga jami'a, ta tarar an kwantar da mahaifinta. Da ta leƙa ƙarƙashin gadonta a gida kuma, dutsen da ta naɗe a tsohon zani babu shi.

A wani busasshen rafi kusa da garin Tcholliré ta haƙo shi da rani. A fuskarsa akwai ƙoƙon kan wata halitta daga dangin kwaɗi na dauri, waɗanda suka rayu tsakanin ruwa da tudu tun babu mutum a doron ƙasa. Irin waɗannan, da ɗinkin ƙasusuwan kai ake gane danginsu. Akwai wani layi siriri kamar zare a bayan gurbin ido. In ya kai gefen kai, sanannen dangi ne. In ya karkata, wataƙila ba a taɓa ganin irinsa ba. Malaminta ya ce hoto ba zai wadatar ba, sai an duba da na'ura. A kan wannan zaren digirinta ya rataya.

Tana shiga ta hango shi a kan durowar gefen gado, kusa da carbi.

"Inna, wa ya kawo wannan?" in ji ta.

"Ni mana," in ji Inna Hansai, tana yi wa mijinta fifita. "Likita ya hana shi taɓa ruwa. Na duba gidan kaf, babu dutse mai tsabta da laushi na yin taimama kamar naki. Ko ki gaida ubanki tukuna?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Malam Abdulhamid, wanda rabin yaran unguwa suka yi karatu a gabansa, ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Ta ɗauki dutsen ta kai bakin taga. Tafukansa sun goge goshin halittar sumul, ƙashin ya bi hannu kamar gari. Sai ɗan ɓallin bayan ido mai ɗauke da layin ya rage, ya ɗaga, yana lilo. Shafa ɗaya ta isa ta ɓalle shi.

"Hiba," ya kira a hankali. "Innarki ta ce wai kan dabba ne a ciki. Gaya mini gaskiya, uwata. Ƙashi ne ko dutse? In ƙashi ne, sallolina na kwanakin nan babu su."

Ta juyo ta dube shi.

"Dā ƙashi ne, Baba. Ƙasa ta shige shi a hankali har ya koma dutse. Dutse ne."

Ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi. Ashe bokon naku yana da rana."

Jeannette, ma'aikaciyar jinya, ta turo gado mai taya har bakin ƙofa. "Allez, mu tafi, Malam, likita yana jira a ɗakin tiyata. Inna, a tattara kaya."

"Madam, raka'a biyu kawai," in ji shi. "Ban san ko zan fito ba."

"To, maza. Ba zan iya riƙe likitocin ba."

Hibatullahi ta dubi waje. Farfajiyar duk siminti ce, sai can bayan katanga ake samun duwatsu, Jeannette kuwa tana duban agogo. Mahaifinta ya riga ya miƙo tafukansa biyu, leɓunansa sun fara bisimilla.

Ta sake kallon layin. A hasken taga kamar ya karkata, kamar kuma bai karkata ba.

Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora dutsen a cinyarta, ta kama hannuwansa da suka kasa kai kansu, ta sauke su a kai.