Abin da Injiniya Ya Yanke

Shugaban sashenmu na da ne ya kira ni da hantsi. Tun da na yi ritaya daga gidan rediyon ba wanda ya neme ni, don haka da na ga lambarsa sai na ɗauka wani ne ya rasu.

"Anti, yau muke kwashe tsohon sutudiyo," in ji shi. "Kwamfutar ɗakin haɗa sauti za a kai ta sito a goge. Na leƙa ciki na ga wata folda ta marigayi Injiniya, ya sa mata suna Yankakku. Na buɗe guda, wallahi muryarsa ce. In kina so, ki zo da faifan ajiya kafin motar kaya ta tashi."

Injiniya mijina ne. Shekara da shekaru yana bayan gilashi yana murɗa maɓallai ni ina magana, amma ko sau ɗaya muryarsa ba ta fita a rediyo ba. Aikinsa ne kafin kowane shiri ya gwada makirufo, ya ce in matso ko in ja baya, in an gama ɗauka ya yanke wannan ɗan guntun ya yar. Ashe mutumin nan ba ya yarwa, tarawa yake. Ni kuwa bayan rasuwarsa na bincike wayata kaf ban sami muryarsa ba, don bai taɓa aiko mini saƙon murya ba. Cewa yake surutun gidanmu na riga na ɗauke masa shi, shi ya sa tun da muka yi aure ya laƙaba mini Aku. Sunan nan nake so in sake ji a bakinsa, ba wani abu ba.

Na biya shago na sayi faifan da mai shagon ya rantse mini zai haɗiye gidan rediyon gaba ɗaya. Da na isa, matar da ke teburin baƙi ta tambaye ni wa nake nema. Ni! A ginin da na tsufa a cikinsa. Na haɗiye abin da ya zo mini baki na wuce.

Sutudiyon ya zama kango. An ɓamɓare soson hana amsa-kuwwa da ke jikin bango, sai tabon gam. Kujerar Injiniya mai karyayyen hannu, wadda ya naɗe da salatif, babu ita. Shugaban sashe ma ya riga ya bi kayan farko zuwa sabon gini. Kwamfutar ce kaɗai a kunne, da wata kujerar roba.

Na jona faifan. Ga Yankakku, ga kuma kusa da ita foldar shirye-shiryena, duk abin da na taɓa faɗa a gidan nan. Kwaɗayi ya ce mini ai faifan babba ne, kwashe duka. Na haɗa su biyun na ja su zuwa faifan.

Da farko abin gwanin sha'awa. Koren layin da ke nuna tafiyar kwafin ya zabura da gudu, na'ura ta ce saura 'yan mintoci. Har na gyara zama ina yi wa mai shago addu'a. Shirye-shiryena ta fara ɗauka, manya-manya, suna ta wucewa. Kafin su ƙare na lura gudun ya ragu. Da aka zo kan Yankakku kuwa, sai layin ya tsaya cak kamar an taka masa wutsiya. Mintoci suka koma awoyi. Can na sake dubawa, ta ce saura fiye da kwana guda.

Na kira shugaban sashe.

"Haka irin faifan nan suke, Anti. In aka fara lafta musu manyan kaya sai su yi zafi su gaji. Kuma ƙananan nan ɗaya bayan ɗaya suke shiga, sun fi cin lokaci, ga su dubbai. Da ma su kika fara sakawa, da ya fi."

"To ka sa a bar mini ita zuwa gobe."

"Wallahi ba a hannuna yake ba. Yau za a miƙa makullin ginin. Ki dai bar shi ya yi iya yinsa. Anti, ana kirana."

Na taɓa faifan, zafi rau. Na sami wani guntun kwali a ƙasa na zauna ina yi masa fifita kamar mai jinya. Sunan fayil ya fito, ya daɗe, ya wuce, wani ya fito. Na ce, "Injiniya, ko a nan ma ba za ka yi sauri ba?" Don haka yake a raye. In za mu fita sai na gama shiri na zauna na huce kafin ya gama ɗaura igiyar takalmi. Na yi dariya, dariyar ta dawo mini daga bangon da babu soso. Kaɗaici ya taso ya danne ni a ɗakin nan fiye da yadda yake yi mini a gida.

Masu ɗaukar kaya suna ta shiga da fita. Suka fitar da teburin haɗa sauti, suka cire agogon bango, suka naɗe wayoyi. Direbansu dattijo ne mai kirki, duk leƙowar da zai yi sai ya dubi allon, ya dube ni, ya ce wa mutanensa su ɗauki wani abin tukuna. Har suka rasa abin ɗauka. Rana ta sauko ta tagar baranda, koren layin bai kai rabin Yankakku ba.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji direban. "Mai lantarki na ƙasa, zai cire layin wuta. Na roƙe shi har na gaji."

Ban yi masa musu ba, ya yi mini iya ƙoƙarinsa. Na tsayar da kwafin, na zare faifan. Suka rungumi kwamfutar suka fita da ita, ni na bi bayansu da kujerar robar, don ita ma tasu ce.

A gida ko mayafi ban cire ba na jona faifan a ƙaramar kwamfutata. Shirye-shiryena sun shiga cif, ko tari ɗaya bai ɓata ba. Muryata ce jibge, wadda in ina son ji buɗe baki kawai zan yi. Na wuce su na buɗe na farko a Yankakku.

"Malama, a ɗan matso kusa da makirufo."

Shi ne. Muryar ta fi wadda na sani ƙuruciya, amma shi ne, har da ɗan gyaran muryar nan. Na buɗe na biyu. Malama, a ja baya kaɗan. Na uku, Malama, takarda na ƙara. Na tsallaka zuwa tsakiya, nan ma Malama. Sai a lokacin na kula da sunayen fayilolin. Injiniya, sarkin tsari, da kwanan wata ya jera su, na'urar kuma daga farko ta faro. Shekarun da yake baƙo a wurina su na kwaso. Shekarun da nake Aku suna cikin motar kaya.

Na sauka kan na ƙarshen da ya samu shiga na buɗe. Kukan kujerar nan tasa ne ya fara fitowa.

"Malama... wannan ba gwaji ba ne. In an tashi, ko zan iya raka ki bakin titi?"

Nan ya yanke. Amsata ba ta ciki, tasa kawai ya ajiye.

Na dubi falon, ba kowa sai ni da labule. Na ce, "To, Injiniya. Mu je."

Na'urar ta koma farko da kanta, ya ce, "Malama, a ɗan matso." Na ja kujerata na matsa.