Murhun Inna Zubai

Duk unguwar Nuzla ta Jidda babu wanda bai yi dariya ba ranar da Inna Zubai ta sayi mota. Mace ce da ta ba hamsin baya, mijinta ya rasu, sana'arta ƙosai da kunun gyaɗa a bakin lungu, a ƙasar da mace ba ta taɓa sitiyari. Me ya haɗa ta da mota? To, dalilin yana Madina.

A can autarta Mariyamu take aure, ga cikin fari ya fara fitowa. Inna Zubai ta haifi 'ya'yanta na farko a gida Haɗeja, kowanne uwarta ce ta yi mata wankan jego. Auta kuwa a nan Jidda aka haife ta, ba uwa ba dangi. Inna Zubai da kanta ta dafa ruwanta, ita ta tsoma ganye ta fyaɗa wa kanta tana kuka. Tun ranar ta rantse cewa in Allah Ya nuna mata haihuwar wannan yarinya, ba za ta bar ta ita kaɗai ba. Tukunyar da ta dafa ruwan tana nan, ƙatuwa, gindinta baƙi ƙirin.

Wan mijin Mariyamu ne ya ɓata lissafin. Haifaffen Jidda ne, yana zaune a unguwar Safa, yana da doguwar mota mai mukayyif da ke busa sanyi har mutum ya nemi bargo. Sunansa Othman, haka yake so a faɗa, harshe tsakanin haƙora. Inna Zubai ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Usmanu.

"Ya khala, in an haihu zan ɗauke ki," in ji shi, don da Larabci yake ce mata inna, yana tsaye a ƙofarta don kada farar rigarsa ta taɓa tabarma. "Amma ke kaɗai. Tukunya da ganye, khalas, an daina. Akwai asibiti. Maryam ma da bakinta ta ce ba ta so."

Maganar ƙarshen nan ce ta soke ta. Auta tashin Jidda ce, Larabci ya cinye mata baki, in an yi mata Hausa da Larabci take amsawa. Ba mamaki ta faɗa. Kuma wannan ba zance ne da za a yi a wayar kantin ɗan Yaman na unguwa ba, maza na tsaitsaye suna saurare. Inna Zubai ta haɗiye abin, ta ce, "Na gode, Usmanu. Ka riƙe motarka."

Washegari ta tasa ƙanenta Badaru a gaba sai Haraj, kasuwar gwanjon motoci. Badaru ya tsufa a tuƙin motocin mutane bai taɓa mallakar ko taya ba. Suka wuce masu ƙyalli ko kallo ba su yi musu ba, suka tsaya can ƙarshen layi, gaban wata tsohuwa mai launin ƙasa. Alhazan Turkiyya ne suka zo da ita ta ƙasa, suka gama aikin Hajji suka sayar. Inna Zubai ta durƙusa da abayarta ta leƙa ƙarƙashin motar kamar mai sayen akuya. Ba abin da ke ɗiga. Badaru ya tayar da inji ya kasa kunne, ya ce zuciyarta lafiya lau. Sai ya ga wani maɓalli, ya zaci na sanyi ne, ya ja. Iska mai zafi ta buso masa a fuska, ya yi baya yana salati. Motar ƙasar sanyi ce, hita ce da ita. Dillalai suka dinga dariya har da riƙe ciki.

Kafin su iso gida sunan ya riga su: Murhun Inna Zubai.

Takardu da sunan Badaru aka yi, amma kowa ya san mai ita. Ya so ya cire bututun hitar ya huta, ta hana. "Abin da na saya da gumina ba a rage masa komai," in ji ta. Ta sa ya koya mata inda ake zare sandar duba baƙin mai, da inda ake zuba ruwan lagireto, da yadda ake danna fambel a ji ko ya saki. Kullum in ta sauke kaskon ƙosai sai ta buɗe murfin inji, maza na wucewa suna ƙunshe dariya. Ko a jikinta. Ta canza tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinka wa kujeru riga da tsohon zane. Duk Juma'a Badaru ya fita da motar bakin gari don kada ta manta gudu, ita tana baya ta harɗe hannu.

A tsakiyar zafin 1989 saƙo ya zo: Mariyamu ta sauka lafiya, an samu mace. Da safe aka ɗaure tukunya a saman mota, aka cika but ɗin motar da ganyen darbejiya da gero da kanwa da yaji, da jarkokin ruwa. Suka kama hanyar Madina.

Da farko Murhu ta yi abin kirki. Sai da rana ta take, hanya ta fara hawa cikin baƙaƙen duwatsu, sannan allurar zafi ta soma rarrafawa wajen ja. Badaru ya gangara gefe. Suka jira ta huce, suka ƙara ruwa, suka tashi. Ba su yi nisa ba ta sake. A tsayuwa ta gaba Badaru ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Suna nan sai ga doguwar mota ta wuce, ta ci burki, ta dawo da baya. Gilashi ya sauka, sanyi ya fito tare da ƙamshin turare. Othman ne da iyalinsa, su ma barka za su.

"La hawla! Ya khala, ban faɗa miki ba? Yalla, shigo, akwai wuri. Kawu Badaru ya tsaya da kayan, a nemo mai jan mota ya mayar da su Jidda."

Gaskiya ta so shiga. Kanta na sara, ga jikar da ba ta gani ba tana can gaba. Ta dubi kujerar nan mai sanyi, ta ɗaga kai ta dubi tukunya. In ta shiga, za ta isa Madina a matsayin baƙuwa mai barka, ta zauna a falo a ba ta shayi da dabino, ta tashi. Ba wannan ta rantse a kai ba.

"Badaru," ta ce, ba ta ko kalli Othman ba, "babu wata dabara?"

"Akwai, Yaya, amma ba ta mutane ba ce. In aka kunna hitar nan har ƙarshe, za ta janye zafin inji ta zubo mana shi a ciki. Sai mu lallaɓa a hankali. Motar za ta kai. Mu ne ban sani ba."

Inna Zubai ta yi wata 'yar dariya, ta farko tun safe. "Ni da na yi wankan jego har sau huɗu, ɗaya ma da hannuna? Wannan ne zafi? Tashi ka kunna." Ta juya. "Usmanu, ja gilashinka, kada sanyinka ya zube. Mu haɗu a can."

Wallahi an sha wuya. Tagogi a buɗe, iskar waje wuta, ta ciki ta fi ta. Inna Zubai ta koma kujerar gaba, tana jiƙa tawul tana ɗora wa Badaru a ka, tana ɗura masa ruwa a baki, idonta a kan allura. Zafin da ke fitowa daga ƙasa ya dafa mata ƙafafu har takalminta na roba ya yi laushi. Manyan motoci na wuce su suna danna oda. Badaru ya ce ko su ɗan tsaya, ta ce in dai allura ba ta hau ja ba, ba za su tsaya ba. Allurar kuwa ta sauko ta zauna a tsakiya. Abin da ya fi hitar ƙona ta shi ne maganar nan: ta ce ba ta so. In gaskiya ne fa? In ta sauke tukunya Auta ta kau da kai don kunyar dangin miji? Ta ji tsoro sosai, amma ba ta faɗa wa Badaru ba.

Bayan la'asar suka tsaya a ƙofar gidan benen da Mariyamu take aure. Motar Othman ta daɗe da hucewa a inuwa, shi yana tsaye yana jan carbi. Inna Zubai ta fito jiƙe sharkaf, ƙafafu sun kumbura, ta hau matakala tana dafa bango.

Ɗakin cike yake da mata, ana ta Larabci. Mariyamu na kwance a gefe, fuska ta faɗa, jaririya a kusa da ita. Da ta ga uwarta sai ta yunƙura ta zauna. Ta dubi hannuwan Inna, ta ga babu komai, sai idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe baki tana laluben kalmomi, da Hausarta mai tuntuɓe:

"Inna... tukunya fa? Na ce musu kowa kar ya taɓa ni. Ke nake jira."

Kuka ya taso wa Inna Zubai, ita kuwa ba za ta yi shi a gaban matan nan ba. Ta shafa kan jaririyar, ta juya ta sauka. Badaru ya riga ya kwance igiya, amma zafin hanya ya galabaitar da shi, ba zai iya ɗauka ba.

"Usmanu," ta ce, "zo ka kama min kunne ɗaya. Saman bene za mu."

Ya dubi gindin tukunyar, ya dubi farar rigarsa, ya dubi fuskar tsohuwar. Ya sa carbi a aljihu ya kama. Kafin su kai hawa na biyu, baƙin tukunya ya shafe masa gaban riga tun daga ƙirji har gwiwa.

"A hankali," in ji Inna Zubai. "Ta girme ka."