Makullin Motar Sabo

An karɓe makullin mota daga hannun Sabo Direba a harabar asibiti, awa guda bayan ya karanta allon gwajin ido har layin ƙarshe babu kuskure ko ɗaya.

Ranar Talata ce, a Birnin Kudu. Shekara ashirin da biyu Sabo yana jan motar haya ƙirar hayis tsakanin Gwaram da nan, goma sha ɗaya daga ciki a motar Alhaji Sada. A wata guda ya gogi amalanken shanu da gefen mota, ya kuma ture wani mai keke. Duka biyun ya rantse bai gan su ba. Alhaji ya ce a je a duba masa ido. Sabo ne ya tuƙo su, Alhaji a gaba, Ɗanbala ƙanen Sabo a baya, wai ya zo rakiya.

Da aka kira sunan Sabo, Alhaji ya bi shi ciki.

"Malam Sabo, a yi a gabansa ko ya jira a waje?" in ji Dakta Juwairiyya.

Sabo bai taɓa ganin wanda ya kori ubangidansa daga ɗaki ba.

"Haba likita, ai maigidana ne."

Ta sa ya rufe ido ɗaya ya karanta allon, sannan ɗayan. Haruffan suka yi ta ƙanƙancewa, yana bin su.

"Alhaji, ka ji ko? Ko allura aka yar a titi sai na gan ta."

Likita ta jawo kujera ta zauna dab da shi. Ta ce ya sake rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kan hancinta, da zarar ya ga yatsunta daga gefe ya yi magana. Sabo ya jira yana murmushi. Ya ji carbin Alhaji ya tsaya.

"Ki fara mana, likita."

"Na fara tun ɗazu."

Sai da yatsun suka kusa zuwa gaban fuskarta sannan ya gan su. Ta auna ƙarfin ruwan idon da na'ura, ta ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, bayan wani lokaci ta haska fitila ta leƙa jijiyar. Ta ce hawan jinin ido ne. Yana cinye gani daga gefe, ba ciwo, ya bar tsakiya sai a ƙarshe. Abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ake ƙoƙarin tsarewa. Tuƙi kuma bai kamace shi ba. Ta rubuta masa magani da takardar zuwa Kano.

"Yana bin jini. In kana da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, su zo a duba su."

"Akwai ɗaya a waje," in ji Sabo.

"Wannan idonsa garau yake," Alhaji ya ce, ya miƙe.

A waje rana ta soki idanun da magani ya buɗe, hawaye suka zubo masa. Ya lalubi ƙofar mota.

"Sabo, ina ƙanenka?" in ji Alhaji.

"Bai fito ba tukuna."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. Sabo ya juya kai. Ɗanbala na tsaye jikin kafaɗarsa ta dama, ya buɗe tafin hannu.

"Yaya, makullin."

"Na yau ne kawai, ko Alhaji?"

Alhaji ya riga ya shiga gaba. Sabo ya koma Gwaram a kujerar baya, ya rufe fuska da hula.

Kafin Juma'a labarin ya zaga tasha. Direbobi sukan lallaɓo ta gefensa su yi ta kaɗa yatsu, sai ya ji dariya sannan ya san da mutum. Sau biyu ya tare Ɗanbala kan maganar likita.

"Yaya, so kake ni ma a karɓe nawa?"

Takardar Kano tana aljihun Sabo. Motar takan tashi daga Gwaram kowace safiya da fasinja goma sha takwas, Ɗanbala ne ke tuƙi. Har yau ba a duba idon Ɗanbala ba.