Bangon Doña Herminia

Saura kwana uku 'yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa Santiago, Don Evaristo ya rataya kyamara a wuya ya kama hawan tudun unguwarsu, da gwiwoyin da suka daɗe da daina jin maganarsa. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗaukar hoton matattakalan garinsu Valparaíso, da gidajen kwanon da gishirin teku ya cinye musu fenti, da karnukan da ke miƙe ƙafa a ƙofar mutane kamar gidan ubansu. Ranar kam ko ɗaya bai ɗauka ba. Ya ɗaga kyamara, sai ya tuna lungun nan yana da shi sau goma a akwati, ya sauke.

Mashayar Doña Herminia tana can ƙarshen hawan. Tun zamanin mahaifinta gidan ke da al'ada: wanda ya tsufa yana zama a wurin, in ya mutu sai a rataye hotonsa a bango, saman teburinsa, kuma dole ya zama a teburin nan aka ɗauki hoton. Mai rai ba ya hawa bango. Kusan duk fuskokin da ke jere a wurin Evaristo ne ya ɗauke su, har da abokan zamansa uku: Nibaldo mai gyaran injin jirgi, Eleuterio mai kifi, da Gurgu Zamora wanda bai taɓa yarda an cinye shi a karta ba. Shi kuwa da yake kullum yana bayan kyamara, ko hoto ɗaya na rantsuwa ba shi da shi.

Abin da ke cinsa ke nan. Mutuwar ba ta dame shi ba. Tsoronsa ya mutu a hawa na tara na wani bene a Santiago, bangon nan ya ci gaba da zamansa ba shi.

Da hantsi ne, ba kowa sai Herminia tana goge kofuna.

"Yau kuma da wuri haka? Ko shayi ba ka sha ba, tsoho."

"Ba sha na zo yi ba, Doña. Hoto nake so ki ɗauke ni."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da ko a bikin aurenka aka ce guje wa mai hoto ka yi?"

"Sharrin Zamora ne."

"Ni ban iya wannan tsohon ƙarfen naka ba. In na yanke maka kai fa?"

"Ai ba wata asara aka yi ba."

Ya saita mata komai, ya nuna mata inda za ta danna, ya je ya zauna a kujerarsa ta jikin taga. Sai ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Mutum ɗari nawa ya ce wa su saki jiki, yau ga shi ya sandare. Ya dubi kujeru ukun da ke gefensa babu kowa, a daidai nan ta danna.

Ya wanke hoton a banɗakinsa, inda ya saba, tsakanin kwalayen kayan da ya gama ɗaurewa. Hoton ya fito a karkace, rabin kwalbar giya ta shigo ciki, amma shi ne. Ranar Juma'a da rana ya sa shi a firam ya kai mata.

"Ki ajiye a ƙasan kantar nan. In lokaci ya yi, kin san wurin. Kusa da Nibaldo, don Allah, ba kusa da Zamora ba."

Herminia ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta shiga ciki, ta fito da guduma da ƙusa, ta jawo kujera ta hau, ita da ƙafafunta masu kumburi. Wasu tsofaffi biyu da ke cin soyayyen kifi suka daina tauna.

"Doña, me kike yi? Ai ban mutu ba."

Ba ta juyo ba. Ta buga ƙusar sau huɗu, ta rataye hoton, ta gyara masa zama da yatsa.

"Na sani," in ji ta. "To gaya min, ranar da ka mutun, wa zai hawo tudun nan ya faɗa min? 'Yarka ko sunana ba ta sani ba."

Evaristo ya buɗe baki. Ya bi mutanen da ya sani ɗaya bayan ɗaya a ransa, yana neman wanda zai ambata mata, bai samu ba.

Ta sauko a hankali, ta zuba masa jan giya ta tura gabansa. Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya kai hannu zai cire hularsa, yadda ake yi wa duk wanda ya hau bango, sai ya tsaya yana kallon Evaristo, hannun a sama.

"Cire abinka," in ji Evaristo. "Gara a yi ina gani."