Kilishin da Bai Ga Rana Ba

Ranar Lahadi bayan sallar azahar na buɗe baki na ce ni zan yi kilishin sunan jikar Hajiya Fassouma. Babu wanda ya tambaye ni. Muna tsaye ne a harabar masallaci, ɗanta Mamane yana cewa tsohuwar ta taso takanas daga Damagaram saboda haihuwar, kuma tun da ta sauka ba ta da magana sai ta kilishi. Kawai na ji kaina ina cewa, "Ku kawo nama."

Kawu Maikano, ƙanin mahaifiyata da nake zaune a wurinsa, bai tanka ba sai da muka shiga mota.

"Muzammil, watanka takwas a ƙasar Turawan nan. Ka bar aikin sito a Wendover, ka bar wankin mota, ka bar ajin Turanci. Yanzu kuma naman mutane ka ɗauko."

"Wannan zan gama shi, Kawu."

"Asabar ne sunan. In guduwa za ka yi, ka gudu yau tun ba a yanka saniyar ba."

Na san abin da na taka. Makaranta na bar ta tun a aji biyu na ƙaramar sakandare, amma na yi shekara huɗu a rumfar mahaifina a Funtua ina yanka nama fale-fale har ana hango haske ta cikinsa. A can, in ka shanya da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙarau.

Litinin da safe Mamane ya kawo cinya biyu daga wata gona a Summerfield. Na sa ɗaya a firij, na zauna da ɗayar. Gidanmu a hawa na biyu yake, a Gate City Boulevard, kuma barandarsa na samun rana sosai. Watan Yuli ne, zafi kamar a gida. Na shimfiɗa naman a kan ragar ƙarfe, na rufe da gidan sauro saboda ƙuda.

Da yamma na taɓa, yana nan da laushinsa. Talata ma haka, sai ma wani yauƙi da ya fara yi. Na ce rana ce ba ta ishe shi ba, na ƙara matsar da shi bakin baranda. Laraba da safe wari ne ya tashe ni. Gefen naman ya yi fumfuna fari-fari.

Ina cusa shi a baƙar leda Anti Sa'ida ta leƙo daga barandarta. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Zariya, tana digiri na uku kan kimiyyar abinci.

"Sarkin Fawa, gawar wa kake ɓoyewa?"

"Anti, ranar ƙasar nan ce ba ta da albarka. Kwana biyu nama yana cikinta."

"Rana ba ta yi maka laifi ba. Wanke hannunka ka zo."

A kicin ɗinta ta cika kofin gilashi da ruwa da ƙanƙara, ta fitar da shi baranda ta ajiye. Ba a jima ba jikin kofin ya jiƙe, ruwa yana gangarowa.

"Daga ina wannan ruwan ya fito?"

"Kofin ne ke yoyo."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Gilashin? To ɗan tattara hankalinka dai. Daga iska ya fito. Iskar garin nan a wannan watan cike take da ruwa, ba ka dai ganinsa ne. Da ta taɓa sanyi sai ta sauke shi. Naman da ka shanya, kusan kashi uku cikin huɗunsa ruwa ne. In zai bushe, dole ruwan ya zama tururi ya shiga iska. Iskar Funtua da rani ƙishirwa take ji, tana shanyewa nan da nan. Ta nan a ƙoshe take."

"To warin fa?"

"Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Suna son ɗumi, suna son danshi, suna son nama. Kai kuma ka haɗa musu duka ukun, har da gidan sauro don kada a dame su."

Ta dubi agogo ta ce tana da aji. Ta ba ni aron ƙaramin sikelinta na kicin, ta ce kada in yarda da yatsana, in riƙa aunawa. Nauyin da nama ya rasa, ruwan da ya fita ke nan.

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Saura cinya ɗaya, saura kwana uku. Na ɗauki waya zan kira Mamane in ce ya zo ya ɗauki namansa, na ajiye. Na tashi na zaga ɗakin, na sake zama. A nan ne kunnena ya kama wani sauti da kullum nake ji ban taɓa kula da shi ba: ɗis, ɗis, daga bayan esi, abin sanyaya ɗakin da ke maƙale a tagata. Na leƙa. Ruwa ne ke ɗiga ƙasa, har ya yi ɗan kududdufi. Ba wanda ya taɓa zuba wa na'urar nan ruwa. Ashe abin da kofin Anti ya yi, shi take yi tun safe har dare, tana tatse iskar ɗakina tana zubarwa waje.

Ban yarda da kaina ba tukuna. Na yanko fale biyu daga cinyar, na daidaita su a sikeli, kowanne giram ɗari. Ɗaya na kai baranda cikin rana. Ɗayan na rataye shi a ɗaki gaban fanka, na ƙure esi, na toshe ƙasan ƙofa da tawul. Na rubuta lokaci a bayan wata ambulan. Duk awa biyu ina aunawa. Da la'asar sakaliya na baranda yana giram tamanin da ɗaya. Na ɗaki ya sauko hamsin da biyu, gefensa har ya fara ƙarfi.

Da Kawu ya dawo daga aiki ya tarar na jingine katifata a falo, na ɗaure igiyoyi daga bango zuwa bango.

"Kilishi a ɗaki? Cikin sanyi? Ubanka ya ji wannan sai ya ce an yi maka asiri."

Na miƙa masa ambulan ɗin. Ya sa tabarau ya karanta, ya shinshina fallen baranda, ya yamutsa fuska. Ya lanƙwasa na ɗakin ya saurara.

"Fanka ɗaya ba za ta isa ba," in ji shi. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko tasa.

Alhamis tun da asuba na fara yanka. Wannan karon na ƙara sirantawa fiye da yadda mahaifina ya koya mini, don na gane cewa ta fuska ruwa ke fita, in fallen ya yi faɗi ya yi siriri, hanyar fitar ta yi yawa. Na barbaɗa gishiri. Duk wanda na gama sai in kai ɗaki in rufo ƙofa da sauri. Hannuna ya yi tsami, bayana ya ƙage, sau biyu ƙafata tana ce mini in fita in sha iska a titi. Na zauna. Na ware fale ɗaya na ɗaura masa zare, shi nake aunawa. Da ya sauko ƙasa da rabin nauyinsa na san an zo wurin.

Juma'a na dama labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono da citta da kanumfari da albasa. Anti Sa'ida ta shigo da rigar sanyi don tsokana.

"Labun nan ruwa ne ka sake mayar masa, ka sani ko?"

"Na sani. Na auna shi kafin in tsoma, zan auna bayan ya sha."

"Iye. Sarkin Fawa ya zama ɗan ɗakin gwaji."

Ta ce in tabbata wuta ta ratsa shi sosai wajen gashi, don bushewa tana hana halittun nan yaɗuwa ne, zafi ke kashe su. Asabar da sassafe na hura gawayi a wurin gashi na bayan gidajenmu, na gasa shi fale-fale har man gyaɗar ya taso yana ƙyalli.

A ɗakin taron da aka kama, mata sun cika gefe ɗaya ana ta hayaniya. An raɗa wa jaririya suna Rahina. Na ɗauki tiren na nufi Hajiya Fassouma, na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi tiren, ta dube ni.

"Ɗana, cinya biyu aka ce mini."

"Ɗaya na lalata ta, Hajiya. Na shanya irin na gida, ta ruɓe. Laifina ne."

Mamane ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta ɗauki fale ɗaya ta karya, ya ce ƙas. Ta sa a baki ta daɗe tana taunawa, matan kusa da ita duk suna kallon bakinta.

"Bon," ta ce da Faransanci. "Barkonon na Nijeriya ne, ya yi mini yawa."

Ta sake karyar wani. Sannan ta zaɓi manya guda uku ta naɗe a takarda ta tura cikin jakarta, ta ce na mai jego ne, kada wanda ya tambaye ta.

"Sauran a yanka ƙanana ya ishi kowa. Kai za ka yanka, kai ka san shi."

Wata mata ta miƙo mini almakashi. Na ja kujera kusa da tebur, na ƙirga mutanen da ke ɗakin da ido, na fara yankawa.