Ƙwaryar da Aka Wanke

Tun da Safa ta shiga aji ta ga ƙwaryar a kan tebur, zama ya gagare ta. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi.

Malama Hamida, mai koyar da zane a makarantarsu ta Limawa, ita ta ce kowa ya kawo aikin hannun gidansu a baje wa iyaye. Wani ya kawo faifai, wani allo mai zayyana. Ni'imatullahi, Bayerabiyar da suke benci ɗaya, ta kawo zane mai rinin shuni. Safa kuwa sai da ta yi ta roƙo kafin Inna ta ba ta ƙwaryar kakarta mai sassaƙa, da sharaɗin in ƙwaryar ba ta dawo rugarsu yadda ta fita ba, Safa ma ta gama boko.

Ga shi Malama, don son ta yi kyau, ta sa soso da omo ta wanke ta tas. Baƙin da ke cikin layukan, gawayi da man shanu ne, duk ya bi ruwa. Ƙwarya ta yi fari fat, zanen da ƙyar ake ganinsa. Malama har tana murna, tana cewa dattin ya sha wuya. 

A lokacin tara ta gaya wa Ni'imatullahi. Suka zaga wurin mai ƙosai suka tsinci gawayi, suka daka da dutse. Man shanu ne babu.

"Ke Fillo, mai ai mai ne," in ji Ni'imatullahi, ta ciro man kaɗen da take shafawa daga jaka.

Suka yi ta cusawa da yatsa, suna gogewa da bakin hijabi, har layukan suka fito.

Da yamma Inna ta karɓi ƙwaryar, ta juya ta gaba da baya. Safa na tsaye, ƙafa ɗaya na sosa ɗaya. Sai Inna ta kai ta hanci.

"Man kaɗe. Hannun wa?"

Safa ta faɗi duk yadda aka yi.

 Inna ta ɗebo man shanu a ɗan ƙoƙo ta rufe.

"Gobe ki kai wa 'yar Yarabawan. Hannunta ya iya. Ki ce mata ba da wancan ake yi ba."